Wasan da Muka Yi a Ɗakinku, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Lawal Hedimasta, na unguwar Kwarbai a cikin birnin Zariya.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina fatan kuna cikin ni'imar Ubangiji a makwancinku. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ke taso mata lokacin sanyi. Yaya Nasiru ya yi ritaya ya dawo gida, shi ke zama a zaurenku yanzu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya wata abokiyar aikina ta kawo mini ƙarar ɗanta. Ta ce yaron ya liƙe wa wani wasan gem, irin wanda mutum ke zama wani a cikin labari, yana yawo gari-gari yana magana da mutane. Ta tambaye ni me ake samu a cikin abin nan da har yake riƙe mutum haka. Na ba ta amsa guntuwa, ban gamsu da ita ba. Amsar gaskiya tana ɗakinku, a shekarar da ciwo ya kwantar da ku.

A wannan shekarar ce na gama sakandare na faɗi lissafi da Turanci. 'Yar hedimasta, malamin Turanci na shekara talatin, ta faɗi Turanci. Ba ku yi mini faɗa ba, don kafin sakamakon ya fito hawan jini ya riga ya shanye muku ɓarin dama. Hannu ya mutu, ƙafa ta yi nauyi, baki ya karkace, magana tana fitowa a dame.

Likitan da ke duba ku a Wusasa ya ce magani ya yi nasa, saura naku. Ya ce ku riƙa magana ko da ba a gane ba, ku riƙa motsa jiki ko da taku uku ne. Kuka ƙi. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyar ba tare da lasifika ba, bai yarda a ji muryarsa a haka ba. Abokanku suna zuwa zaure, ku yi wa Inna alama da hannu ta ce kuna barci. Kusan wata biyu ban ji kalma ɗaya daga bakinku ba. Inna takan shiga madafa ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito.

Ana cikin haka Yaya Nasiru ya zo daga Legas da na'urar gem ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, da kaset uku. Na dambe da na ƙwallo ƙannena maza suka kwashe zuwa gidan abokinsu a Tudun Jukun, inda ake da irin na'urar. Na ukun ba wanda ya so shi. Rubutu ya yi masa yawa. Mutum ba ya taku goma sai wani ya tsayar da shi ya yi masa bayani da Turanci.

Talabijin ɗin gidan yana ɗakinku, an kai muku don labarai. Ni kuma aikina shi ne zama da ku bayan azahar, in ba ku ruwa, in juya muku matashi. Ranar da aka kawo wuta da rana, na jona na'urar, na rage sauti, na zauna a tabarma na ba ku baya. Kuna kwance kun juya fuska ga bango.

Ina karanta rubutun a fili, a hankali, kamar yadda na saba. Na zo kan kalmar Turanci ta tsibiri, wadda ke da harafi a tsakiya da ba a furta shi. Na furta shi, har da ƙarfi. Sai na ji gado ya motsa. Kuka faɗi kalmar daidai. Ba ta fito da kyau ba, amma na gane ta. Kuka sake faɗa, da fushi, irin fushin aji.

Ban juyo ba, don na san idan na juyo za ku koma bango. Na maimaita yadda kuka ce, na ci gaba. Yau zan faɗa muku, Baba, kuskuren farko na gaske ne, amma na biyu da na uku a ranar da gangan na yi su.

Bayan kwana huɗu kuka ce a ɗaga ku a jingina ku da bango. Kuka ce a sake wasan daga farko, wai ba a shiga labari ta tsakiya. Da aka zo wurin sa wa jarumin suna, gurbin bai isa a rubuta sunana Hadiza ba. Kuka ce in sa Dije. Na ce ai namiji ne, ga takobi a hannunsa. Kuka ce, “Shi bai sani ba.”

Wannan ne abu na farko da na kasa bayyana wa abokiyar aikina. A fim ɗin Indiya kana kallon wani ana ƙaunarsa, ana cutarsa. A nan kuwa wata tsohuwa a bakin rijiya ce ke cewa, Dije, ruwan garinmu ya ƙafe, ki taimake mu. Sunana ne a rubuce. Kuma ruwan ba zai dawo ba sai na tashi. Idan na kashe na'urar na yi kwana uku, tsohuwar tana nan tsaye tana jira na. A lokacin da ƙawayena suka wuce makarantun gaba suka bar ni ina tankaɗen gari, akwai wani wuri da ba abin da ke motsi sai da ni. Ban yi tunani ba a lokacin cewa ku ma haka kuke ji. Tun da kuka kwanta ba wanda ya nemi shawararku a kan komai, sai dai a tambaye ku ko kun sha magani.

Muka raba aiki. Ni ke dannawa, ku ke karantawa ku yanke shawara. Kuka sa aka ɗauko tsohon ƙamus ɗinku da littafin rubutu. Da hannun hagu kuka fara zana taswira, layukan suna rawa kamar na ɗan aji ɗaya. Gari, daji, kogo, gada. Kuna rubuta abin da kowane mutum ya faɗa mana, don kun lura wanda ya yi magana a garin farko sai a gari na huɗu ake gane amfaninta. Kukan ce, “Tambayi kowa. Wanda ke tsaye a lungu shi ya fi sani.”

Ɗauke wuta ya koya mana darasi. Na'urar ba ta adana inda aka tsaya a wasan sai an shiga masaukin baƙi na cikin gari. Rannan mun yi awa biyu a wani kogo, mun kusa fita, wuta ta tafi. Komai ya koma. Na jefar da abin dannawa na ce na daina. Kuka yi dariya, ta farko tun ciwon, da rabin baki. Daga nan kuka kafa doka: duk garin da muka shiga, masauki tukuna, kafin kasuwa, kafin fada.

Gwaggo Asabe, yayarku, ta zo dubiya ta tarar da mu muna faɗa da wani dodo mai kai biyu. Ta yi salati ta ce da girmanku da karatunku kun zauna kallon aljanu. Kuka ɗauki lokaci kafin kalmomin su haɗu, amma kuka ce mata, “Yaya, tatsuniya ce. Bambancin kawai, wannan ana shiga cikinta.” Ba ta yarda ba. Amma da ta fita na ji tana ce wa Inna a tsakar gida, ashe Lawal yana magana.

Dodon nan ya kashe mu sau da yawa har na daina lissafi. Kowane lokaci sai mu farka a masauki, da ranmu, da kayanmu. Ku kuka gano cewa ba dabara ce ta rage mana ba, ƙarfi ne. Muka koma daji muna faɗa da ƙananan halittu, kwana da kwanaki, aiki mai gundura. Amma duk faɗa ɗaya yana ƙara wani abu, kuma ana nuna maka shi a rubuce. Ba wahalar da ke tafiya a banza. Na yi shekara shida ina karatu aka ba ni takarda ɗaya aka ce na faɗi. A nan kuwa ko ɓera na kashe sai an rubuta mini. Ina jin wannan shi ke riƙe yara har yau.

Na yi ƙoƙarin yi muku wayo da wannan. Na ce idan kuka taka daga gado zuwa ƙofa kun hau mataki na biyu, kamar yadda jarumin wasan ke ƙara matsayi. Kuka kalle ni kuka ce, “Ni na koyar da dabarun koyarwa, Dije.” Na ji kunya. Washegari da na shigo na tarar da ku tsaye a bakin ƙofa, kun dafa bango, gumi ya jiƙa muku riga.

A tsakiyar labarin wani tsoho mai fito ya shiga ayarinmu, bayan ya ƙetarar da mu wani kogi a kwalekwalensa. Kuka sa masa Tanko, sunan masinjan makarantarku na dā. Ba shi da ƙarfi, kullum shi ne na ƙarshe wajen kai duka, shi ake fara kayarwa. Mutum huɗu kawai ake tafiya da su, kuma mun sami wani matashi mai gatari da ya fi shi komai. Na ce a ajiye Tanko. Kuka ƙi. Muka yi musu na gaske, ni da ban taɓa ɗaga murya a gabanku ba. Na ce yana ja mana baya. Kuka ce, “Wanda ya ƙetarar da kai ba a barin sa a bakin ruwa.” Na yi fushi, amma na tafi da shi. Maganin da za mu raba mu huɗu rabinsa a kansa yake ƙarewa.

Ban taɓa sanin ra'ayinku a kan abubuwa irin waɗannan ba sai a wasan nan. A gida umarni kuke bayarwa, mu ce to. A can kuwa sai da na ji dalilinku, ku ma kuka ji nawa. Wani lokaci ma kukan ce in yi yadda na gani, mu ga abin da zai biyo baya.

Da damina ta faɗi kun fara zuwa tsakar gida da sanda. Wata Juma'a bayan la'asar abokanku suka yi sallama a zaure kamar yadda suka saba, Inna ta miƙe za ta je ta ce kuna barci. Kuka ce a miƙo muku hula. Na laɓe a bayan soro ina ji. Muryarku tana nan a karkace, wasu kalmomin sai kun maimaita, amma kuna gardama da Malam Iro a kan batun albashin malamai kamar ba abin da ya faru.

Daga ranar ba ku ƙara zama gaban talabijin da ni ba. Za a kawo wuta, in jona na'ura in jira, in ji ku a zaure. Na yi murna, wallahi na yi. Amma na ji haushi kuma, irin wanda ba a iya faɗa wa kowa. Saura mana gari biyu kacal. Na naɗe igiyoyin na sa a ƙarƙashin gado, na koma ga littattafaina. Na sake jarrabawa na ci, Turanci ma ya fi sauran kyau.

Ana jibi zan tafi kwalejin horon malamai na ciro na'urar na ƙarasa wasan ni kaɗai, da taswirarku a kan cinyata. Da kuka shigo daga masallaci bayan la'asar na ce muku na gama. Ba ku tambayi dodon ƙarshe ba, ba ku tambayi ko an ceci ƙasar ba. Kuka ce, “Tanko fa?”

Na ce ya koma gida lafiya, yana bakin koginsa.

Ba haka ba ne, Baba. A ƙarshen labarin gidan dodon yana rushewa cikin ruwa, Tanko ya sa mu a kwalekwale ya tura mu, shi ya tsaya a baya. Ba yadda za a yi a cece shi, na sake gwadawa har sau uku. Da ban tafi da shi ba, ban san yadda za mu fita ba. Na tsaya ina kallon ku da sandarku, kun dawo daga masallaci da ƙafarku, bakina ya ƙi faɗin gaskiya.

Kuka daɗe kuna duba na. Sannan kuka ce, “To, madalla,” da muryar nan da kuke yi wa ɗalibin da ya kwafi aikin wani amma kuka ga bai kamata a tona shi a gaban aji ba. Kun rayu shekara bakwai bayan nan, ba ku sake tayar da zancen ba, ni ma ban sami bakin gyarawa ba. Ku yafe mini wannan. Ku kuka yi gaskiya a kansa.

Allah ya jiƙan ku, ya gafarta muku, ya sa ciwon da kuka sha ya zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinku, ya haskaka shi, ya saka muku da alheri a kan kowane yaro da kuka koya wa karatu, har da wadda ta fi ba ku wahala. Allah ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, amin.

Wassalam.

'Yarku,
Dije