Hanyar Tumbun Goruba

Zuwa ga Ba Kime, mai shanun kuri na Tumbun Goruba, a duk inda ruwa ya ajiye ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka da rai da lafiya, kai da Ya Fanna da yara, da abin da ya rage na garke. Wushe, wushe. Ni ne Modu na Lamisula, wanda kuke kira Ɗan Tudu.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ni nake faɗa, Yagana take rubutawa. I, Yaganar da ka yanka wa ragon suna. Yanzu shugabar makarantar firamare ce a unguwar Fezzan, har da tabarau. Ta ce za ta sa takardar a waya inda jama'a ke karantawa, ko Allah zai sa wani a Bol ko Baga Sola ya gani ya karanta maka. Na ce to, amma ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Laifi na yi maka, Ba Kime, shi ya sa na rubuto. Amma ka san halina, ba na fara magana daga tsakiya.

Ka tuna ranar da ka tsince ni? Ina saurayi, na zo Doron Baga sayen banda, kaina na rawa. Wani mutum a teburin mai shayi ya zana mini hanyar tumbunku, wato tsibirin da kuke zaune, da yatsa a kan katako: ka bi nan, ka karya dama, in ka ga tsibirin ciyawa ka bar shi a hagunka. Na yi hayar kwalekwale na shiga. Ashe tsibirin ciyawar nan tafiya yake yi, iska ce take kora shi. Na bar shi a haguna kamar yadda aka ce, shi kuwa ya riga ya bar wurinsa tun shekaranjiya. Kwana biyu na yi cikin kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, ba gaba ba baya, sauro ya mai da ni tuwonsa.

Ran na uku da hantsi na ji wani huci a cikin ruwa, na ce shi ke nan, dorina ce. Sai ga ƙahoni suna fitowa, manya-manya kamar tuluna, wajen talatin, a bayansu mutum kwance kan guntun itace yana iyo yana yi musu waƙa. Ban taɓa sanin saniya na iyo ba sai ranar. Ka dube ni, ka dubi kwalekwalen, ba ka tambayi sunana ba. Abin da ka fara tambaya shi ne wa ya gaya mini hanya, kuma a zaune yake ko a tsaye. Na ce a zaune, kan benci. Ka yi dariya har ka sha ruwa.

Haka na shigo Tumbun Goruba, ɗaure a bayan garke kamar maraƙi.

Na je tsibirai bayan nan, ban san iyaka ba. Na ga masu kasuwa da injin niƙa, na ga masu masallacin bulo. Babu wanda ya kama ƙafar naku. Yashi fari tas, tudu ɗaya a tsakiya, goruba uku a kansa, ta tsakiyar ta karkata gabas kamar tana ruku'u. Ruwa kewaye da mu, ga shi da daɗin sha, mutum ya sunkuya daga cikin jirgi ya kurɓa. Da safe hayaƙin banda ya tashi daga gidaje, tsuntsaye farare su rufe bakin gaɓa har ka rasa inda yashi ya ƙare.

In ruwa ya ja baya, mu bi shi da shuka. Ba garma, ba taki, ba jiran hadari. Ka soka sanda a laka, ka jefa masara da wake, ka tafi harkarka. A nan Maiduguri in na ba da labarin nan a majalisa, sai su ce tsufa ya fara taɓa Ba Modu. Na ce ku ne ba ku ga duniya ba.

Nonon Ya Fanna kuwa, har yau ban sha irinsa ba. Da giwan ruwan nan da muka kama shekarar da na yi aure, wanda sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Yagana ta ɗago kai yanzu tana dubana ta saman tabarau. Huɗu na ce, rubuta huɗu.

Ba a kulle ƙofa a tumbun nan, don babu ƙofar. Baƙo in ya sauka, gidan da ya fara gani nan ne masaukinsa, sai ya kwana uku kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Mu a birni Buduma muke ce muku, ku kuwa kun ce Yedina ne sunanku, kuma tun daga lokacin ban sake kiranku da wancan ba.

Cikar ruwa uku ka yi kana koya mini hanya. Ba ka taɓa zana mini komai ba. Gwangwala ka ba ni, doguwar sandar tura jirgi, ka zauna a baya. In na soka, ka tambaye ni me na ji a ƙasa, laka ko yashi ko saiwa. Ka sa in ɗanɗana ruwa. Ka sa in rufe ido in faɗi ta ina iska ke zuwa. In na ɓata, ka bar ni in ɓata sosai, sannan ka yi tari.

Kai bahago ne, ni kuwa ba bahago ba ne. Amma da yake kai nake kallo, da hagu na koyi riƙon gwangwala, har yau ban iya da dama ba. Duk bakin ruwan Doro, in an hango ni, an san daga hannun wa na fito.

Ranar da na kai mu gida daga Doro ba tari ko ɗaya, ka tsai da jirgi, ka ɗora hannuna kan gwangwala, ka ce: "Ɗan Tudu, ciyawa tana tafiya, ƙasan ruwa ne ba ya tafiya. Kada ka taɓa faɗa wa mutum hanyar nan a tudu. Wanda zai sani, ya shigo jirgi ya riƙe sanda." Na ce na yi alkawari. Ka ce in sake faɗa, na sake.

Na riƙe, Ba Kime. 'Yan kasuwa sun roƙe ni, na hana. Wasu masu takarda sun zo da taswira har gida, na ba su shayi na sallame su.

Ka san abin da na bari a tumbun nan. Ya Kaltum, uwar Yagana. Zazzaɓin kwana huɗu, yarinya tana shekara uku. Ni na kasa riƙe komai ranar, kai ka haƙa kabarin da hannunka a gindin gorubar tsakiya, ka ce nan ruwa bai taɓa kaiwa ba tun zamanin kakanka. Ya Fanna ta goya Yagana wata shida kafin na kawo ta wurin gwaggonta a Lamisula. Tun daga nan yarinyar ba ta sake ganin tafkin ba.

Da fitina ta zo, ba mu yi sallama ba. Na ɗebi mata da tsofaffi a jirgi na yi yamma, kai ka kora shanu cikin ruwa ka yi gabas. Abin da na gani na ƙarshe ƙahoni ne suna shiga kacalla. Shekara goma da wani abu ke nan. Wasu sun ce an gan ka, wasu sun ce a yi maka sadaka. Na ce ba da ni ba. Mutumin da ya san ƙasan tafkin nan kamar tafin hannunsa, ba zan yi masa sadaka kan jita-jitar tasha ba.

To, ga laifin.

Shekara biyu da suka wuce Yagana ta zo da littafi da biro, ta ce in faɗa mata hanyar tumbun da aka haife ta, ta rubuta ta ajiye. In ƙasa ta kwanta, tana so ta je ta yi wa uwarta addu'a. Na ce ai mata ba sa zuwa maƙabarta. Ta ce ba maƙabarta ba ce, kabari ɗaya ne a gindin goruba, ko daga cikin jirgi ta hango ya ishe ta. Na ce na yi alkawari. Ta ce wanda na yi wa alkawarin ba a san inda yake ba. Na ce alkawarin dai an san inda yake. Ta rufe littafinta ta tafi.

Ta sake zuwa, na sake hanawa. Daga baya ta daina tambaya. Ta kawo mini abinci, ta gaishe ni, ta duba maganin idona, ta tafi. Wallahi tambayar ta fi mini sauƙi.

Kullum bayan sallar asuba nakan zauna kan buzu in yi tafiyar nan a zuci, daga Doro har gindin goruba, mataki-mataki. Wata safiya a watan jiya na taso lafiya, na wuce inda laka ke komawa yashi, sai na tsaya. Ban san me ke gaba ba. Fari fat, kamar an share allo. Na zauna har rana ta fito. Sai da azahar, ina alwala, abin ya dawo.

Ranar na ji tsoron da ban ji a cikin kacalla ba. Mutanen tumbunmu da suka fito tare da ni, waɗanda suka san hanya, duk na raka su maƙabartar Gwange ɗaya bayan ɗaya. In kai ba ka nan, ni kaɗai na rage. In ta goge a kaina, Ya Kaltum ta zauna a inda babu mai zuwa har abada.

Na kwana uku ina juya maganarka. Ka ce kada a faɗa a tudu. Ka ce mai son sani ya shigo jirgi ya riƙe sanda. To, kogin Gadabul na nan garin ya kawo ruwa bana, akwai masu kwalekwale da ke tsallakar da mutane. Na aika aka kira Yagana, na ce ta bar littafi a gida, ta sa tsohuwar lafaya.

Da ka ga abin, da ka sake shan ruwa don dariya. Shugabar makaranta guda, tsaye a kwalekwale, gwangwala a hannu, jirgi na juyawa wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Mai jirgin ya zauna a gaɓa ya riƙe ciki. Mata masu wanki suka bar wankinsu. Ran na biyu ta faɗa ruwa, tabarau ya tafi, ta fito tana tsiyaya, ta karɓi sandar ta sake sokawa. A nan na ga uwarta sak.

Na zauna a baya kamar yadda kake zama. In ta soka, in tambaye ta me ta ji. Ran na biyar ta soka ta ce yashi ne a kan laka, kuma haka ne. Ran na bakwai, muna tsakiyar ruwa, hannunta kan gwangwala, na faɗa mata hanyar duka, abin da ba ya tafiya kaɗai: ƙasa, da ɗanɗano, da iska, da inda ake fara jin kukan shanu. Ta maimaita sau uku. Na sa ta yi alkawarin da na yi, na ce ta sake faɗa, ta sake. Masu leƙen takardar nan ba za su sami hanya a ciki ba, ko harafi ɗaya.

Na san wayo na yi, Ba Kime. Gadabul ba Cadi ba ne. Ruwa ne iya ƙugu, leda na yawo a kai, daga wannan gaɓa kana jin hirar wancan. Kwana bakwai kuma ba cikar ruwa uku ba ne. Da ƙafafuna da idona suna nan, da ni zan kai ta da kaina. In ka ce na karya alkawari, ban musa ba, ka yafe mini. In ka ce ban karya ba, na gode. Amma ban iya barin Ya Kaltum babu mai zuwa wurinta ba.

Ban ce gobe za ta taso ba, tafkin bai kwanta ba tukuna. Wataƙila sai bayan raina. Abin da nake roƙo guda ne. In wata rana kai, ko ɗanka, ko jikanka, kuka hango jirgi ya ɓata cikin kacalla, da wata mace mai tabarau tana tura shi, ku dubi hannunta. In da hagu ta riƙe gwangwala, taku ce. Kada ku tambaye ta wa ya gaya mata hanya. Ku ɗaura jirginta a bayan garke, ku kai ta gindin gorubar tsakiya.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare Ya Fanna da zuriya. Allah ya kwantar da tafkin nan, ya mai da kowa tumbunsa. Allah ya ji ƙan Ya Kaltum, ya sanyaya makwancinta. In kana raye, Allah ya sa takardar nan ta iso kunnenka. In ka riga ni, Allah ya haɗa mu a inda ba a ɓata hanya. Amin.

Naka har kullum,
Modu Ɗan Tudu,
Lamisula, Maiduguri.