Na Ce Masa Na Tura Takardun Ɗansa, Alhali Ban Tura Ba

Salama a gare ku 'yan gida, Musulmi da Kirista. Admin a taimaka a ɓoye sunana, mutanen cocinmu da yawa suna cikin nan, sunayen da ke ƙasa ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ina roƙon ta iso ni kafin ranar Juma'a.

Ni ɗaliba ce, shekarata ashirin da biyu, muna zaune a unguwar Flatbush a nan Amurka ni da Mama da Baba. Ban cika magana ba, ko a coci bencin baya nake zama, ana tashi na gaishe da manya na wuce. Mama nas ce, Baba yana tuƙa bas, a gajiye suke dawowa, don haka tun ina sakandare duk takardar da ta shigo gidanmu ni ke karantawa, ni ke cikewa, ni ke ajiyewa.

Shekara biyar da suka wuce ƙanwar Mama da mijinta suka rasu a haɗarin mota a gida Najeriya, suka bar 'ya ɗaya, Rifkatu, tana da shekara goma a lokacin. Tana hannun kakarmu, wadda idonta ma ya fara rauni. Mama ta ce za ta ɗauko ta. Kun san a gida riƙo magana ce kawai tsakanin manya, yarinya ta ɗauki kayanta ta bi ki. A nan sai kotun gida ta yanke hukunci cewa ta zama 'yarku a doka, sannan ku shigar da takardar neman kawo ta, kuma dole a shigar kafin ta cika sha shida. Yau saura wata biyar Rifkatu ta cika sha shida.

Namu ɓangaren ba abin da ba mu yi ba. Wata mata ta zo duba gida, ta buɗe firij, ta leƙa banɗaki, ta shiga da ni ɗaki ni kaɗai tana tambaya ko iyayena suna dukana. Hoton yatsunmu ya ƙare wa'adi mun sake, ya ƙare mun sake. Mama ta gyara ƙaramin ɗaki, ta sa labule. Duk lokacin sanyi sai ta sayo wa Rifkatu rigar sanyi, shekara na zagayowa ta yi mata kaɗan, ta kai wa wata a coci ta sayo wadda ta fi girma. Hukuncin kotun nan kaɗai muke jira.

Wanda ke bin mana maganar kotu shi ne Baba Dauda, yayan mahaifin Rifkatu, dattijo ne a cocinsu. Shi ya fara sa hannu cewa dangin uba sun amince, shi ya samo lauya, abokinsa ne tun suna makaranta. Duk Lahadi bayan coci muna kiransa, Mama ta ɗora waya a tebur mu zauna. Kullum da labari, an ɗaga zama, ma'aikata suna yajin aiki, fayil ya ɓata, an ga fayil amma alƙali ba ya nan. Daga nan sai ya ce mu rufe ido, ya yi doguwar addu'a Allah ya buɗe wa marainiya hanya, Mama tana amin tana share hawaye.

Ni kuma ina da hali, duk abin da ya faɗa ina rubutawa a littafi da kwanan wata, ba don ina zarginsa ba, haka dai nake. Rannan ina duba littafin sai na ga alƙalin da ya ce mace ce ta tafi hutun haihuwa, bayan wata biyu ya zama namiji ya tafi aikin Hajji. Na roƙi wata ƙawata da ke karatun lauya a gida ta je ofishin kotun da lambar ƙararmu. Ina laburare da rana hotunan suka shigo wayata. A cikinsu akwai wasiƙa da rubutun hannun Baba Dauda, na san yadda yake lanƙwasa harafin farko na sunansa, an buga mata hatimi shekara uku da suka wuce. Ya rubuta cewa ya janye amincewarsa, wai ya ga a takarda yarinyar za ta koma amsa sunan babana, kuma ita kaɗai ƙaninsa ya bari, idan ta sauya suna an rufe gidan marigayi ke nan. Tun ranar ba a sake zama a kan maganar ba, ko sau ɗaya.

Jama'a, da ya faɗa mana a lokacin, ai da an zauna, mun bar mata sunan ubanta, wa ya damu da suna? Mutumin da bai taɓa saya mata ko takalmin makaranta ba. Amma ya zaɓi ya riƙa sa uwata ta rufe ido duk Lahadi shekara uku, tana ce wa ƙarya amin. Na zauna a laburaren nan, na kasa tashi na shiga aji.

Ga inda ni ma na shigo da nawa laifin. Kafin na ga wasiƙar, Baba Dauda ya riga ya roƙi a nema wa ɗansa Bitrus makaranta a nan. Mama ta karɓa da gudu, ta ce mutumin da ya sha ranar kotu saboda mu, wannan ai ƙaramin abu ne. Babana ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, aka ce Bitrus ya fara zama a ƙaramin ɗakin kafin Rifkatu ta zo. Ba wanda ya tuna cewa idan babban mutum ya ƙaru a gida sai an sake zuwa duba gidan daga farko, kuma ba mu da waɗannan watannin. Kamar kullum aikin ya faɗo kaina, ni na buɗe masa shafi a makarantar, ni kaɗai na san kalmar sirrin shiga. Na cike komai tsaf, ba kuskure ko ɗaya, saura na danna na tura.

Lahadin da ta biyo bayan wasiƙar Baba Dauda ya ce, "'Yata, ina labarin takardun ƙaninki?" Na ce, "Na tura, Baba, amma an ce ma'aikatan ofishin suna yajin aiki." Ya ce ashe har a Amurka ana yi, na ce sosai. Lahadi ta biyu na ce fayil ya ɓata. Ta uku na ce an gani, amma matar da ke sa hannu ta tafi hutun haihuwa. Littafin yana kan cinyata a ƙarƙashin tebur, ɗaya bayan ɗaya nake karanto masa nasa, ko gane su bai yi ba. Har na ce, "Baba, yau bari ni na yi mana addu'a." Ni da ban taɓa buɗe baki a gaban mutane ba, na yi minti biyar ina roƙon Allah ya buɗe wa Bitrus hanya daidai yadda aka buɗe wa Rifkatu, yana ta amin da ƙarfi. Mama ta rungume ni tana murna wai bakin 'yarta ya buɗe. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Ranar Juma'a ƙarfe biyar na yamma makarantar za ta rufe karɓa. Abin da zuciyata ke so shi ne na bar lokacin ya wuce, na ci gaba da ba shi labari duk Lahadi. Na ji ya riga ya tsaya gaban cocinsu ya yi godiya cewa ɗansa zai tafi Amurka, an yi masa tafi. Ina so ya shekara mutane suna tambayarsa yaushe tafiyar, sannan na saka hoton wasiƙarsa a gurup ɗin dangi, kowa ya karanta da idonsa.

Ranar Asabar na nuna wa babana wasiƙar, muna mota mu biyu za mu sayo kayan miya a unguwar Harlem. Ya karanta sau biyu, sannan ya ce kada Mama ta ji, hawan jininta ba zai ɗauka ba, na tura takardun yaron, a bi ta hannun fasto a lallaɓa dattijon ya sake sa hannu. Na ce ba zan tura ba sai an fara ganin sa hannun. Ya ce ba a ciniki da babba, kuma irin Baba Dauda idan ya ji an matsa masa ya gwammace kowa ya rasa. Na ce shekara uku ana lallaɓa shi ba tare da mun sani ba ma. Ya ce ƙasar nan ta cire min kunya, na ce ba ƙasar nan ce ta rubuta wasiƙar ba. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar, har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da ke damuna shi ne Bitrus bai san komai ba. A duk gidansu shi kaɗai ke zuwa duba Rifkatu, shi ke ɗaukarta a mashin duk lokacin da aka ce a sake hoton fasfo. Jiya Rifkatu ta turo min saƙon murya tana dariya, ta ce, "Anti, ki yi wa Yaya Bitrus ƙoƙari, na riga na daka wa Mama yaji da kuka zai taho da su, tunda ni tawa tafiyar ta zama ta kunkuru." Na saurara sau huɗu.

To ku gaya min. Na tura, na bi hanyar Baba, alhali lallaɓawar za ta iya cinye wata biyar ɗin, Bitrus ya zo, Rifkatu ta rasa har abada? Ko na kira Baba Dauda ni kaɗai na ce na ga wasiƙar, sa hannunsa kafin Juma'a ko ɗansa ya zauna, na ɗauki kasadar ya yi taurin kai? Mama kuma, ina da ikon ci gaba da ɓoye mata? Wanda ya san aikin kotun gida ya faɗa min ko akwai hanyar da za a bi ba tare da sa hannunsa ba, tunda kaka ce ke riƙon yarinyar.

Masu cewa na yafe, na sani, a coci na tashi. Hanyar da nake nema ita ce wadda Rifkatu za ta zo, shi kuma ya ji a jikinsa. Idan ɗaya kawai zan samu, na san wanda ya kamata na zaɓa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yau Talata, na buɗe shafin sau uku, kuma duk lokacin da na rufe ban tura ba, daɗi nake ji.