Buhunan da ke Bakin Ƙofar Tela

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin nasa? Allah Ya ƙara sauƙi. Ya kuma haƙurinmu?

Kin ce in rubuto miki yadda abin ya faru, don a waya kuka ya hana ni. Yaya, ba wanda ya gaya mini ƙaninki, mijina, ya rasu, ƙofa ce ta gaya mini. Ranar da ruwa ya ja muka sauko daga makarantar kan tudu, na hango buhunan yashi a bakin ƙofarmu yadda aka jera su, ko ɗaya bai gusa ba. Har na yi hamdala. Sai na ɗaga kai na ga layin laka a bango, can sama da taga. A nan na gane.

Kin san yadda muke yi a unguwarmu duk shekara in kogi ya cika. Mata da yara su hau tudu, namiji ɗaya ya zauna a kowane gida saboda ɓarayin da ke yawo a kwalekwale, maƙwabta su jera masa buhuna daga waje don kada ruwa ya shiga. Ruwan bai taɓa wuce gwiwa ba. Rediyo ta ce guguwa ta taso daga teku, amma wai kogi ba zai wuce yadda ya saba ba. Muka yarda.

Maƙwabcinmu Mai Kifi ne ya jera masa. Yana jerawa yana tsokanarsa, wai “Tela, yau an ɗaure ka, sai alƙali ya ga dama!” Shi kuma ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce in za mu zo beli mu taho da shayi mai zafi. Ni ma na yi dariya, Yaya. Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Bayan azahar iska ta fara kwashe kwanon rufi kamar takarda, ruwan sama ya ƙi tsayawa. Sai masu kula da madatsar ruwa suka rufe ƙofofin ɓangaren babbar kasuwa da unguwar manya. Ruwan da ya rasa hanya ya juyo kanmu ta baya, ta magudana. Ƙofarmu waje take buɗewa, ga buhuna sun sha ruwa sun zama dutse. Tagar kuma ƙarfe ce, shi da kansa ya sa aka yi mata walda bara da aka sace masa kan keken ɗinki. Mun samu almakashinsa ya lanƙwashe, ya yi ta huda silin da shi. Keken ɗinkin kuwa ya ɗora shi kan tebur a bisa gado, ya lulluɓe da leda, da kayan mutane a ƙarƙashi.

Maƙabartarmu na cikin ruwa, a kan tudu aka binne shi cikin baƙi. Manya sun zo da masu ɗaukar hoto, suka miƙa mini bargo, aka ce in ɗago kai in kalli kyamara. Wata kuma ta zo gaisuwa, ba ta tashi ba sai da ta tambaye ni ko leshinta ya tsira.

Ga abin da ya sa na matsu. Inna ba ta sani ba. Gadar ƙauye ta karye, waya ba ta shiga can. Mai fito ne kaɗai ke zuwa, na roƙe shi don Allah ya kama bakinsa, kin san hawan jininta. Ni ina takaba, kuma ba daga bakin suruka ya kamata uwa ta ji wannan ba. Ki zo, Yaya.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanwarki,
Maman yara

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan jikin maigida ya yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na ji kin ce a jira hanya ta gyaru. Ban ga laifinki ba, amma ki ji halin da nake ciki.

Mai fito ya dawo jiya. Guguwa ta yaye rufin ɗakin Inna, gonarta ta tafi, a zauren maƙwabta take kwana. Ta ce a gaya wa Auta, wato ƙaninki, duk ƙauyen ’ya’yan kowa sun leƙo iyayensu sai nata. Wai “ko matar tasa ce ta ɗaure shi a ɗaki?” Mai fito bai iya kallona ba da yake faɗa. Ta kuma aiko da zanenta da ƙusa ta yaga, ta ce ya ɗinke mata, in zai zo ya taho da shi. Kullum da yamma tana sa a kai ta bakin ruwa ta zauna.

Mai fito ya ce shi ya gaji da yi wa tsohuwa ƙarya, wannan zuwan ne na ƙarshe da zai yi shiru. Ban hana shi ba, ba ni da bakin hanawa.

Mai Kifi ba ya fita kamun kifi yanzu. Shi ya kwashe buhunan da hannunsa, ya hana kowa taya shi. Rediyo kuwa tana ta yabon yadda aka ceci kasuwa.

Na wanke keken, na sa masa mai, amma ya ƙi juyawa. Zanen Inna na ɗinke shi da allura, sai dai ɗinkina ba irin nasa ba ne, tana gani za ta gane. Yana nan a ninke a kan akwati. Ban aika ba, kuma har yanzu ba a gaya wa Inna ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Maman yara