Hannun Da Na Janye A Bakin Jirgi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, a kuma kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don na lura a nan akan fara da hukunci ne, daga baya a koma karatu. Ni malamin nahawu ne a wata makaranta a Makka. A unguwar Hindawiyya aka haife ni, yanzu ina Ka'akiyya da matata, wadda zan kira Safiya, da 'yarmu Hanan. Maganar ta surukata ce, mahaifiyar Safiya, wadda kowa ke kira Inna.

Inna mutuniyar zamanin da ce. A nan Makka aka haife ta, amma kunyar da iyayenta suka taho da ita daga ƙasar Sakkwato ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Shekara goma sha wani abu ina auren 'yarta, ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ba mu taɓa haɗa ido ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, hannuna a ƙirji, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. Ko muna mota ɗaya sai ta ce, "Hanan, gaya wa Ustaz ya rage gudu," yarinya kuma ta juyo da gaske ta isar da saƙo, kamar ba ni ne nan da kunnuwana ba. Na san a shari'a muharramata ce har abada, na karanta babin, na ma gyara wa wasu. Amma abin da kai ya karanta daban, abin da jiki ya haddace daban.

Mahaifin Inna ta teku ya iso Jidda a jirgin katako, ta girma tana jin labarin, ita kuwa ba ta taɓa hawa ruwa ba. Shi ya sa a hutun tsakiyar shekara yayan Safiya, Usman, ya shirya mana tafiya a irin manyan jiragen yawon nan, waɗanda kamar an ɗauko otal ne an kwantar a kan ruwa. Aiki ya hana shi zuwa. A filin jirgin sama, kafin mu tashi zuwa inda jirgin ruwan yake, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ga amanarka nan, ya Ustaz."

Ranar da muka isa wani tsibiri mai yawan bishiyar kwakwa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, tun da safe teku ta canza fuska. Ba shuɗiyar nan ta hoto ba ce, launin tsohon kwano ta yi, tana ɗagawa tana sauka ba tare da hayaniya ba. Babban jirgi ba ya iya kaiwa gaɓa, sai a ƙananan jirage masu inji ake kai mutane. Muka shiga. Ba mu yi nisa ba na ƙanƙame gefen jirgi, Safiya ta ce, "Kai da ka karance littattafan matafiya kaf, ga shi ka yi tsuru-tsuru." Inna kuwa ko gezau, carbinta a hannu, ta ce, "Hanan, gaya wa Ustaz ya kalli nesa, kar ya kalli ruwa." A tsibirin iska ta tsaya cak, zafi mai danshi ya lulluɓe mu. Masu sayar da tsaraba sai kallon sama suke suna naɗe rumfunansu, masunta na jan kwalekwale can sama kusa da gidaje, mu baƙi ne kaɗai ke ɗaukar hoto. Inna ta zauna gindin kwakwa ta tusa ƙafafunta cikin yashi, Safiya ta ce rabon da ta ga fuskarta haka tun ranar sunan Hanan. Kafin azahar babban jirgi ya yi kuka mai tsawo, ma'aikata suka bi gaɓa suna cewa kowa ya koma yanzu, an soke sauran yinin.

Komawar ba na son tunata. Ruwa na shigowa ta gefe, yara na kuka, kowa na salati da yarensa. Da muka iso jikin babban jirgi, akwai wani dandamalin ƙarfe da ake takawa a shige. Taguwar ruwa ta ɗaga mu mu yi daidai da shi, ta sake mu mu faɗa ƙasa kusan tsayin mutum. Ma'aikata biyu na tsaye a kai, suna jiran daidaitawar, su cafke mutum ta damtse su fizge shi. Aka fizge Hanan, aka fizge Safiya, aka tura su ciki ba waiwaye. Saura Inna, ni kuma ina bayanta, hannuna ɗaya a kan ƙarfen riƙo. Ɗayan ma'aikatan ya miƙo hannu biyu, ta noƙe ta ce, "Kar ya taɓa ni." Sannan ta juyo, ta dube ni ido cikin ido, ba Hanan a tsakani, ta miƙo hannu ta ce, "Ustaz, riƙe ni."

Kun san abin da na yi? Gaishe ta na yi. Kaina ya yi ƙasa, hannun da ba ya riƙe da komai ya koma ƙirjina, kamar ina bakin ƙofarta. Bai wuce ƙiftawar ido ba, amma teku ba ta jira mai kunya. Ƙaramin jirgin ya faɗa, ƙafarta ɗaya tana sama, ta tafi da baya, ƙugunta da ƙeyarta suka bugi bencin ƙarfe. Ƙarar har yanzu tana kunnena, wani lokaci ina tsakiyar darasi.

Na san wasunku za su ce ai tarbiyya ce, ba mugunta ba. Ni ma haka nake lallashin kaina. To amma ɗaya hannun fa? Da zan riƙe ta da kyau, sai na saki ƙarfen, ban kuwa sake shi ba sai da komai ya wuce, har shatinsa ya kwana a tafina. Kunya ce, ko tsoro ne ya ari mayafinta? Ni da nake tambayar yara dalilin kowane wasali, na kasa faɗin dalilin hannuna.

A ɗakin likitan jirgi Safiya ta riƙe rigata ta ce, "Kana ina? Ba kana bayanta ba?" Na ce, "Na kama ta, hannunta a jiƙe yake, ya zame." Haka maganar ta fito a shirye, ba gargada. Ta fashe da kuka ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ka yi naka." Da muka sauka Jidda da Inna a kan gadon marasa lafiya, Usman ya sumbaci kaina a gaban jama'a. Na tsaya na karɓa.

An yi wa ƙugun aiki, amma jinin da ya taru a kai ya tafi da maganarta. Yanzu tana gidanmu, a ɗakin da ke kallon falo. Matar da ba ta taɓa dubana ba, yau idonta na kaina daga shigowata har fita, ba ta jan mayafi, ba ta kauda kai. Safiya murna take, wai ciwo ya kusantar da mu. Kalmomi sun fara dawowa ɗaya-ɗaya: Allah, ruwa, Hanan. Shekaranjiya Safiya ta shiga kicin, muka rage mu biyu, Inna ta daɗe tana kokawa da leɓenta, sannan ta ce, "Ustaz." Na ce, "Na'am, Inna." Ta sake buɗe baki, kalma ta biyu ta ƙi fitowa, sai hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Likitar da ke koya mata magana ta ce in aka ci gaba haka, kafin azumi za ta haɗa jimla.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya bayan magariba Safiya ta ɗaga hannu tana roƙon Allah ya kwance harshen mahaifiyarta, Hanan ta ce amin, ni kuwa na ji bakina a rufe. Ban ce ba. Wannan ya fi abin da ya faru a teku ba ni tsoro, don a nan ba taguwa, ba gaggawa, a kan darduma nake.

In na faɗa wa Safiya da bakina, ban san ko za ta ƙara yarda da wata magana tawa ba, ga Usman da zan kalla. In na yi shiru, wataƙila Inna ta rufa mini asiri, in rayu ƙarƙashin idonta. Wataƙila kuma jimlarta ta farko a kaina za ta sauka, Safiya ta ji daga bakin uwa abin da miji ya ɓoye. Ko in fara durƙusawa gaban Inna ne, alhali ba ta iya cewa ta yafe ko ba ta yafe ba? Azumi ya kusa, jama'a. Me zan yi?