Tukwanenmu Sun Isa Ingila

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya su Hajara da yara? Mu nan Suleja lafiya lau.

Ka tuna tukwanen farko da kamfaninmu ya aika Ingila aka ƙi karɓa? Ciyawa muka cusa tsakaninsu yadda mata masu ginin tukwane na Zuma ke yi, Turawa suka ce tana ɗauke da ƙwari. To, gwamnati ta ba mu tallafin sababbin masu fitar da kaya waje, muka sayi akwatunan katako. Wannan karon ko ɗaya ba ta fashe ba, har suna neman ƙari.

Aikin akawun da ka samo mini, a ba wani. Addu'arka kawai nake buƙata. A gai da kowa.

Ƙaninka,
Bala