Hotona da Yaron a Bangon Mujalla

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

So nike a cire hoton nan kafin Hajiya ta gani. Shi ke nan abin da nike so.

Ban iya rubutu ba, ƙawata Haula ta nuna mini inda ake dannawa a waya a yi magana ta aje. To ga ni ina yi.

Watan jiya a wurin awon yara wata Madam Aziza ta zo daga Yamai da abin ɗaukar hoto. Ta ce in dubi yaron in yi dariya. Na yi, don na zaci cikin aikin awo ne. Yau Haula ta kawo mini wata takarda mai sheƙi, wai mujalla. Ga ni a bango, hancina a kumatunshi, haƙora waje. Ɗan fari fa! Ni da ko kallonshi ba na yi gaban surukai. Dama Hajiya, uwar maigidan, ta ce in an yaye shi za ta tafi da shi Kornaka. In ta ga wannan rashin kunya ba za ta jira yaye ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kai wa Mushe Attahir, haka ake kiran malaman boko, tsohon malamin lakwal na bayan gidanmu, ya karanta mini. Ashe har sunan yaron sun sa, wai ni na faɗa da bakina. Ƙarya! A katin awo suka kwasa.

Shi kuma tsoho sai ya jawo akwatin tsofaffin mujallu. Wai in ga yadda abin ya faro. Na zamanin samartakarshi baƙi da fari ne, sai manya da rawani ko kwat, mota ke kawo su sau ɗaya a wata, mutum goma su karanta guda. Daga baya aka sa kala, aka cika su da mata, teloli na mannawa a bango ana zaɓen ɗinki. "Yanzu kuma, ɗiyata, har talaka na shiga. Ci gaba ke nan."

Ci gaba. Na ce, "Baba, su manyan an tambaye su kafin a sa su?" Ya ce sosai ma. To.

Shekara arba'in yana tara su, gara ta ci rabi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kwaso mujallar guda bakwai a wurin awo cikin hijabi, na cusa a murhu. Ko wuta ba ta iya kamawa da kirki, sai wari da hayaƙi kore. Takardar banza, ko ƙosai ba ta tsane mai.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wahalar banza na yi. Haula ta ce abin na cikin waya. Wai mujallar yanzu ba sai da takarda ba, daga hannu zuwa hannu take tsalle. Wa zai ƙone wannan?

Maigidan ya kira daga Maraɗi, wurin sayen hatsi. Abokanshi suka tura mishi. "Ke, an ce kin zama 'yar fim?" Ya yi dariya, sai kuma ya ce, "Hajiya fa?" Na ce ni zai tambaya?

Talata, 14 ga Oktoba

Na samo lambar Madam ɗin. Rabi Hausa rabi Faransanci. Wai an riga an buga, wai na yi kyau, wai mata za su koyi son 'ya'yansu daga gare ni. Ji fa. Sai an koya mana a takarda? Na ce, "Madam, kina da suruka?" Ta ce layi ba kyau.

Masu ilimi ke nan. Sun san faɗin hannun yaro da igiyar awo, ba su san abin da ake ɓoyewa a gida ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Hajiya ta gani. Ta aiko jibi tana tafe, a haɗa kayan yaron.

Wadda Haula ta kawo tana ƙarƙashin katifa. Ba don komi na bar ta ba, itace ne ya jiƙe. Da hantsi na ɗan duba. Shara ce dai har yanzu, amma ban san haka nike dubanshi ba. Shi ma ashe haka yake dubana.

Ban haɗa kayan ba. Ba inda zai je sai ya ƙare nono, bayan nan ma a zauna a yi magana. Na gaya wa Haula. Na gaya wa maigidan, ya ce in rufa mishi asiri, na ce na ji, ba zai je ba dai. Shi ma yaron na gaya mishi, cikin ɗaki, da sunanshi.