Za a Sa Magena a Buhu Don Ta Yi Amai

Zuwa ga Malam Hamidu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Malam, don Allah ka taimake ni, kuma ka hanzarta, domin an sa wa magena ranar barin gida. In ka ga rubutuna ya karkace kada ka ce tsufa ne. Haushi ne.

Ni dattijuwa ce, mutuniyar Karakkai ta ƙasar Bungudu. Da mai gidana ya rasu, ƙanena Ɗantsoho ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a nan Gusau, inda yake awon gyaɗa yana kai wa mutanen kanti. Ni na goya shi, Malam, ni na koya masa tafiya. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ba ni ɗaki mai kyau, tuwo bai taɓa yanke mini ba. Matarsa Luba yarinya ce mai kunya, ta ɗauke ni kamar uwar miji. Ba ta zama inda na zauna, ba ta kama sunana, ba ta cin ko gyaɗa a gabana. In an kwashe tuwo sai ta kawo akushina bakin ƙofa, ta durƙusa, ta ajiye, ta juya. Kowa cewa yake na yi dace da matar ƙane, kuma na yi. Amma ni da na tashi a gidan da hannuwa ke karo da juna a akushi, loma ba ta wuce mini in ni kaɗai ce. Sai in zauna in yi ta kallon tuwo har ya huce.

'Yata Wasila da ke aure a Tsafe ta zo ganina, ta ga na rame, ta yi kukanta ta koma. Ba a daɗe ba sai ga fatake da kwando, wai saƙona ne. Na buɗe na tarar da 'yar mage mai ruwan toka da farin ƙirji, tana hararata. Na sa mata suna 'Yar Tsafe. Tun da ta girma ɓerayen da ke farke wa Ɗantsoho buhuna suka kwashe nasu-ya-nasu suka bar gidan, kuma har yau babu wanda ya ce mata sannu da aiki.

Tare muke ci, akushi ɗaya. In na yi loma in gutsura mata tata, in tsoma a miya in miƙa mata. Tuwon dawa ne, miyar kuka ce da daddawa da yajinta, furar rana ce da nono, soyayyen naman Juma'a ne da albasarsa, ban taɓa ware ta ba. Abin da na ci shi take ci, don ni ban iya rowa ba. Da ita a gefena na koma cinye tuwona. In na zauna kaɗi sai ta haye cikin lefen audugata ta kwanta, in ta farka ta yi ta kai wa mazari mari tana cizon zare.

To, tun kaka ta fara amai. Ta gama ci ke nan sai ta koma gefe, ta miƙe wuya, ta yi ta kakari har abin ya fito. Wani lokaci tuwon ne yadda ya shiga, wani lokaci kumfa ce rawaya, wani lokaci kuma dunƙulen gashi ne dogo kamar yatsa, da zare a naɗe. Yau ta yi, gobe ta huta, jibi ta yi safe da yamma. Na ga ƙashin bayanta ya fara fitowa, sai na ƙara mata gata. Na narka mata man shanu, na roƙi Bafillatanar da ke kawo mana nono ta riƙa zuwa mini da madara da ɗuminta, har kunu na dama mata irin na mai jego. Maimakon sauƙi sai zawo ya ƙaru a kan aman.

Nan fa kowa ya zama boka. Matan maƙwabta suka ga dunƙulen nan da zare suka dafe ƙirji, wai sammu aka jefo gidan magen ta haɗiye. Sammun me? Zaren da na kaɗa da yatsuna ne, ko a cikin dubu na gane shi. Shi kuwa Ɗantsoho, don ya taɓa kiwon jakai yana saurayi, ya ce ya san maganin duk wata dabba. Ya jiƙa jar kanwa, ya danne ta, ya ɗura mata. Ta yi amai har ƙafafunta suna rawa, ta wuni a ƙarƙashin gado ba ta ko ɗaga kai. Bai ce mini yi haƙuri ba. Cewa ya yi ciwon ne yake fita.

Abin da ya kawo mu inda muke shi ne, ya yi baƙi a zaure, abokan cinikinsa da wasu masu aikin hanyar jirgin nan da ake shimfiɗowa. An kira la'asar, ya shimfiɗa buzunsa, ya fita alwala. 'Yar Tsafe ta shiga, duk faɗin zauren nan ba ta ga wuri ba sai tsakiyar buzun. Baƙi suka yi ta dariya, wani har da cewa magen gidan ta riga mai gidan sahu. Ni da kaina na ɗauki buzun na wanke, na shanya, na turara shi. Bai isa ba. Ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya, ko durƙusawa bai yi ba, ya ce, “Yaya, mussag ga ta gama zama gidan ga. Ran da Jatau zai koma, shi tai da ita.”

Jatau mai jakai ne da ke kawo masa gyaɗa daga Bungudu. An riga an gaya masa, in ya sauke kaya ranar kasuwa mai zuwa ya sa ta a buhu, in ya wuce Kekun Waje ya kwance ta a daji. A daji, Malam! Dabbar da ba ta san komai ba sai ɗakina, ga ta ba lafiya, a kai wa kuraye. Yaushe ciwo ya zama laifi? Shi da yana jinjiri zane nawa ya ɓata mini, na sa shi a buhu? Na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina, kuma ban ɓoye masa ba. Tun ranar ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa.

Ka gaya mini me zan ba ta aman nan ya tsaya. Ka gaya mini ko yana da ikon yi mini haka. In an ɗauke ta, da wa zan ci tuwo? Na riga na ɗaure ƙunshina, in ta fita ta ƙofar nan ni ma bayanta zan bi, ko Karakkai ko Tsafe. Na san ana karanta masa takardarku ta labarai a kanti. Ya ji, don ya ji na rubuta.

Uwar 'Yar Tsafe, Gusau

Inna, na gaishe ki, kuma na ji zafinki. Ki kwance ƙunshin nan tukuna, ki zauna mu yi magana.

Kina da gaskiya a kan buhu. Dabba mara lafiya ba a jefar da ita a daji, kowa ya san abin da malamai ke faɗa a kan mai azabtar da mage. Kanwar da aka ɗura mata ma kuskure ne babba. Abin da jaki zai lasa ya yi ƙiba yana iya ƙona cikin mage. Amma shi ma Malam Ɗantsoho ki duba masa. Magidanci ne da aka yi wa dariya a zaurensa, a kan abin sallarsa, a gaban mutanen da yake neman abinci da su. Kunya ce ta yi magana da bakinsa. Kuma wanda ya tsaya jiƙa wa mage magani, ko da ya kuskure, ba mutuwarta yake so ba.

Yanzu ga wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Ina kyautata zaton mafi yawan aman nan daga akushinki yake fitowa. Mage ba mutum ba ce, cikinta na nama ne. Yaji da daddawa da gishiri suna tayar mata da ciki, albasa kuwa cutar da ita take yi ƙwarai. Madara da man shanu da kika ƙara don tausayi su suka jawo zawon, domin yawancin maguna in sun girma ba sa jure madara. Ba rowa ba ce ki hana ta.

Ki samo mata ɗan kaskonta daban. Ki dafa mata tsokar kaza ko kifi ko ɗan naman akuya da ruwa zalla, ba gishiri ba mai, ki cire ƙashi da ƙaya tas. Ki ba ta kaɗan kaɗan, sau da yawa a wuni, kada ki cika mata ciki a zama ɗaya. In ta yi amai ki bar cikin ya huta ɗan lokaci kafin ki sake ba ta, amma kada ki bar ta ta wuni da yunwa. Ruwa mai kyau ya kasance kusa da ita kullum. Dunƙulen da ya firgita maƙwabtanki gashinta ne da take lasa, ya haɗu da audugar da ke manne mata. Ki riƙa jiƙa hannu kina shafe ta kowace safiya, gashin da ya saki ya biyo tafinki. Lefe kuwa ki rataye shi sama, ki shimfiɗa mata tsumma. Zare ya fi duk abin da kika lissafa haɗari, yana iya ɗaure mata hanji, kuma in kin ga ya leƙo ta baki ko ta baya kada ki ja shi. In kin ga jini, ko tsutsa, ko ciki ya kumbura, ko ta ƙi shan ruwa, to ya wuce dabarar gida, ki nemi mai duba dabbobi na gaske. Ba zan yi miki alkawarin za ta warke ba, amma na ga irinta da yawa sun miƙe da wannan kaɗai.

Kada ki jira ranar kasuwa. Ki aika a kira miki ƙanenki, ki amsa gaisuwarsa sosai, ki ce ya ba ki lokaci ki gwada wannan, ke kuma ki ɗauki nauyin cewa ba za ta ƙara taka zaure ba. Malam Ɗantsoho, tunda an ce kana ji, ka sallami Jatau da buhunsa. Yayarka ba don mage kawai ta ɗaure kaya ba.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda ta fi damuna fiye da aman. Na raba ki da abokiyar cinki, kuma na san abin da na yi. Amma a gidan nan akwai wata da ita ma ita kaɗai take cin nata a bakin murhu, tunda mijinta a zaure yake ci. Luba ba za ta taɓa kawo kanta ba, tarbiyyarta ba za ta bar ta ba. Ke ce babba, ke kaɗai za ki iya ɗage mata wannan kunyar. Gobe in ta durƙusa za ta ajiye akushi, ki riƙe hannunta ki ce ta wanko shi ta dawo. Za ta ƙi, za ta rufe fuska, watakila har ta gudu. Ki sake jibi.

Allah ya ba 'Yar Tsafe lafiya, ya huce zuciyarki, ya sa ki ci tuwonki da zafinsa.

Malam Hamidu